Hukumar Finafinai ta Jos: jari za ta bayar ko tsofaffin finafinai za ta adana?

Malam Sabo Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Jos. Tun da aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, abin da nake ji a bakin mutanenmu bai wuce jari ba: a ba furodusoshi rance, a sayo kayan aiki, a tura yara kwas. Duk ba laifi. Amma ni a wurina, aikin da ya fi gaggawa a wuyan hukumar shi ne adana abin da aka riga aka yi, domin shi ne aikin da in gwamnati ba ta yi ba, babu ɗan kasuwar da zai yi.

Ku dubi Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka ci karo da gwangwanayensa cikin tsofaffin kayan hukumar, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Fim ɗin Hausa, labarin da Firayim Ministanmu na farko ya rubuta, sai da Jamusawa suka sa hannu kafin ya sake ganuwa. Shi ma ya yi sa'a ne don a kan zaren silima aka ɗauke shi. To finafinan Kano na kaset fa, daga Turmin Danya na 1990 har zuwa lokacin da faifan CD ya karɓe kasuwa? A hannun wa suke?

Abban Sadiya:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ban yarda da kai ba. Ni furodusa ne, kuma yau ɗin nan akwai yaran da suka yi mini aikin haske da sauti da ban gama biyansu ba. Kasuwar CD ta mutu, 'yan tura finafinai a waya sun cinye abin da ya rage, YouTube kuma sai ka yi wata da watanni kafin ka mayar da kuɗin mai. A wannan hali ka ce a kwashe kuɗi a sanya wa tsofaffin kaset na'urar sanyaya ɗaki? In masana'antar ta durƙushe, me za a adana nan da shekara ashirin?

Hajiya Binta Tudun Wada:
Abban Sadiya, Allah ya rufa asiri, kowa ya san halin da kuke ciki. Amma kai da Malam Sabo kuna faɗa ne a kan kason kuɗi, alhali matsalar tana wajen inda kuɗin ke fitowa. A 2013 gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan 3 don harkar fim. An raba, wasu sun samu, wasu ba su samu ba, kuɗin ya ƙare, magana ta mutu. Haka tallafin gwamnati yake in dai daga kasafin shekara zai fito: sai wanda ke kan kujera ya ga dama.

Faransa ba haka ta yi ba. Hukumarsu ta finafinai, CNC, an kafa ta a 1946, kuma tun 1948 ake cire wani kaso daga kowane tikitin shiga silima, yanzu ya kai kashi 10.72 cikin ɗari. Ko fim ɗin Amurka ka shiga kallo a Paris sai an cire, amma kuɗin masu shirya finafinan gida da masu gidajen silima yake koma wa. Daga baya aka sa gidajen talabijin su ma suna biya, sannan aka kawo kan masu nuna fim ta intanet irin su Netflix da YouTube. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake raba shi. Akwai kason da ake zuba wa furodusa a asusunsa gwargwadon yadda fim ɗinsa ya samu masu kallo, amma ba zai taɓa shi ba sai in sabon fim zai yi. Ba zai sayi mota da shi ba, ba zai ƙara aure da shi ba. Akwai kuma wanda suka ƙirƙiro a 1959, inda kwamiti zai karanta labari ya ba da kuɗi tun kafin a fara ɗauka, in fim ya yi kasuwa a mayar. Da irin wannan ne sababbin daraktoci da ba su da uban gida suke samun shiga.

Kuma wannan hukumar dai ita ce ke riƙe da ma'ajiyar finafinai ta Bois d'Arcy tun 1969. Hukumar da ke ba ka kuɗin sabon fim ita ce ke karɓar kwafinsa ta ajiye. Ba su ɗauki abin a matsayin ayyuka biyu masu kishi da juna ba.

Abban Sadiya:
Hajiya, tikitin wace silimar za a cire wa kaso a Kano? Eldorado, Plaza, Orion, ina suke yau? Na zamanin da muke da su da yatsu ake ƙirga su. Kashi goma na babu ai babu ne.

Hajiya Binta Tudun Wada:
Shi ya sa na ambaci talabijin da intanet. Hukumar ta ƙasa ce, ba ta Kano kaɗai ba, kuma a Legas da Abuja ana sayar da tikiti. Tashoshin da ke cika awanninsu da finafinan Hausa suna karɓar kuɗin talla, kamfanonin waya suna sayar da data saboda mutane na kallon ku. Kuɗin yana nan, bai dai biyo ta ƙofar silima ba ne.

Nafi'u Edita:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni ta ɓangaren aiki zan yi magana. Kwanakin baya wani dattijo ya kawo mini kwali cike da kaset na finafinan da ya yi, yana so a juye masa su a kwamfuta. A saman silin ɗakinsa ya ajiye su tun da aka daina yayinsu. Da na ɗaga kaset ɗin farko na duba ta gilashinsa, sai na ga farar funfuna ta yi wa zaren zane kamar an barbaɗa gari. Na goge abin da zai gogu, na sa a na'ura. Hoto ya fito na ɗan lokaci, fuskokin duk sun koma kore-kore, sai layuka suka fara gudu daga sama zuwa ƙasa, sai allo ya yi shuɗi. Da na buɗe na'urar, baƙar ƙurar da ke jikin zaren ta toshe kan da ke karantawa. Wannan ƙurar ita ce fim ɗin. Duk abin da ya kankare ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Malam Sabo yana da gaskiya a kan gaggawa. Zaren silima in ya samu wuri mai sanyi zai iya haura shekara ɗari. Kaset kuwa daga shekara goma zuwa talatin yake fara lalacewa, a zafinmu ma ba ya kaiwa. Sannan kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, ya daina tun 2016. Ko kaset ɗinka lafiya lau yake, wata rana abin da za a kunna shi da shi ne za a rasa.

Khalifa_09:
Ni fa ban gane wahalar ba. Ba ga su nan a YouTube ba? Jiya ma na kalli wani tsohon fim na zamanin su babanmu.

Nafi'u Edita:
Ƙanena, wanda ka kalla kwafin kwafin kwafi ne, wani ya juye daga faifan da ya karce, ya manna lambar wayarsa a tsakiyar allo, ya yanke sunayen ma'aikata don kada ya yi tsawo. Gobe in aka rufe tashar, shi ke nan. YouTube wurin nunawa ne, kamfani ne na wasu, bai yi wa kowa alkawarin ajiya ba. Ma'ajiyar finafinai ta Koriya ta Kudu ma tana ɗora tsofaffin finafinansu a YouTube kyauta, amma asalin yana ɗakin ajiyarsu, abin da suka gyara ne suke ɗorawa.

Baba Ɗanladi:
Nafi'u, Allah ya yi maka albarka. Ni na yi aikin majigi a ƙuruciyata, muna shiga ƙauyuka da mota, mu kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, a nuna fim ɗin Baban Larai a kan noman zamani, a nuna labaran gwamnati. Bayan na yi ritaya na koma tsohon wurin aikinmu wata sabga, na roƙi mai gadi ya buɗe mini siton da muke zuba gwangwanaye. Tun daga bakin ƙofa warin tsami ya tare ni, har ido yana yaji. Na buɗe gwangwani ɗaya, zaren ya kumbura ya manne da juna, gefensa ya nannaɗe, in ka ja sai ya karye. Takardar da ke jikin murfin ta nuna hawan daba ne. Wa ya san sarakunan da ke ciki, da irin rawunansu, da makaɗan da suka yi musu kiɗa?

Wannan warin alamar cuta ce, kuma tana yaɗuwa. Gwangwani ɗaya in ya kamu, tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, dole a raba su. Maganinta sanyi ne da rashin danshi, fim mai launi ma sanyi irin na firji yake so, dare da rana, ba a ɗauke wuta. An yi dabara da aka kai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa Jos don garin da sanyi-sanyi, amma sanyin Jos kaɗai bai isa ba. Don haka in kun ji ana maganar adana finafinai, rabin maganar ta wutar lantarki ce.

Malam Sabo Gwammaja:
Baba ka ƙarasa mini zancen. Abin da nake nema ba kuɗi ne mai yawa ba, doka ce. Tun 1970 dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku. Faransa ta ɗora wa CNC karɓar irin wannan ajiya ta dole a kan finafinai da dokar 1992. Mu kuwa muna da ƙofar da kowane fim yake bi: hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, ta jihar Kano tun 2001. Me zai hana a ce ba za a ba ka takardar izini ba sai ka ajiye cikakken kwafi mai inganci, da sunayen duk waɗanda suka yi aiki, a miƙa wa ma'ajiyar Jos? Mun iya kafa hukumar da za ta ce a yanke, ba mu iya kafa tsarin da zai ce a ajiye ba.

Abban Sadiya:
A'a Malam, tsaya nan. In ɗauki asalin fim ɗina, wanda na ci bashi na yi, in miƙa wa wani ofis tun bai fita kasuwa ba? Ni an taɓa fitar mini da fim kafin ranar da na sa, daga hannun wanda na amince wa ya fita. Ranar da na je kasuwa na tarar ana tura shi a waya naira hamsin. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Barista Rabi:
Tsoronka yana kan hanya, Alhaji, amma akwai maganinsa a rubuce. Ajiya daban, mallaka daban. In ka kai fim ma'ajiya, haƙƙin mallaka yana nan a hannunka, ba su da ikon sayarwa ko nunawa sai da yardarka. Ana iya rubuta cewa ba wanda zai buɗe shi sai bayan shekara kaza, a rubuta sunan jami'in da ya karɓa, da hukuncin da zai hau kansa in abu ya fita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta riga ta ba ɗakunan karatu da ma'ajiyoyin tarihi damar yin kwafi don adanawa.

Inda na fi hango rigima shi ne tsofaffin. A zamanin kaset, furodusa kwalin kaset yake bugawa ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su kuma su juye kaset da kansu, asalin yakan zauna a shagonsu. Daga baya wasu suka riƙa sayar da fim ɗin ɗungurungum, da baki, ba takarda. Yau furodusan ya rasu, ɗan kasuwar ya koma sayar da atamfa, magada ba su san ma akwai wani abu ba. Wa zai sa hannu a madadin fim ɗin?

Malam Auwalu Ɗorayi:
Ni tambayata daban ce, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Komai da komai za a adana? Da yawan finafinan nan kwaikwayon na Indiya ne, rawa da waƙa, wasu ma waɗanda suka fito a ciki sun yi aure suna roƙon a daina yaɗa su. Da kuɗin talakawa za a killace wannan? Kada ku manta abin da ya faru a 2016, da aka ce za a gina ƙauyen fim a Kofa, jama'a da malamai suka ƙi, gwamnati ta janye. Hukumar da ba ta saurari mutane ba haka za ta sake yi.

Hajiya Binta Tudun Wada:
Malam Auwalu, maganar matan da suka yi aure magana ce ta gaskiya, kuma ita ce ma hujjar ma'ajiya. Yanzu da babu tsari, kowane yaro mai waya yana yanko waƙar ya ɗora, ba wanda ya tambaye su. A ma'ajiya akwai rajista, akwai wanda za a kai wa ƙorafi, ana iya rufe fim a ce sai mai bincike da takarda.

Amma zaɓen na kirki a zubar da sauran, nan kam ban bi ka ba. Wa zai zaɓa? Wanda ya zaɓa yau da ma'aunin yau zai zaɓa. Ni ina koyar da tarihi, kuma fim ɗin da ya fi kowane rashin ma'ana yana nuna mini yadda titin Kano yake a 1998, da ɗinkin da ake yayi, da kayan ɗakin amarya, da Hausar da matasa ke yi a lokacin. Mai fim bai yi niyyar ajiye wannan ba, kyamara ce ta kwaso. Indiyar da kake magana, Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, babu shi a duniya yau. Ba su kafa ma'ajiyarsu ta Pune ba sai 1964, kafin nan mafi yawan finafinansu marasa magana sun salwanta, don a lokacin ana ganin abin wasa ne.

Malam Auwalu Ɗorayi:
Na ji batun rajista. Amma dai a sa malamai da iyaye a kwamitin da zai ce wanne za a buɗe wa jama'a.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin ku tun farko. Mu namu ciwon wani iri ne. Daraktanmu Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, ga Moustapha Alassane da ya yi zamansa a Tawa har ya tsufa. Sunayensu kowa ya sani, har cibiyar al'adu aka sa wa sunan Ganda a Yamai. Amma ka tambayi matashi a Maraɗi ko Damagaram ko ya taɓa ganin fim ɗinsu ɗaya. Finafinan wancan zamani a Faransa ake wanke su, asalin da yawansu can ya zauna. An adana su, amma ba a gabanmu ba.

Kuma ina jan hankalin Malam Sabo kan tara komai wuri ɗaya. An kafa ma'ajiyar finafinan Afirka a Wagadugu a 1989, sai ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga ginin ta jiƙa gwangwanaye masu yawa. In za a yi, a yi kwafi biyu ko uku, a garuruwa daban-daban. Finafinan Kano namu ne mu ma, a nan aka saye su aka kalla. Wataƙila kaset ɗin da ya ɓata a Kano yana cikin akwatin wata tsohuwa a Tasawa.

Malam Sabo Gwammaja:
Wannan gaskiya ne ɗan'uwa, kuma ya kamata duk wanda zai yi aikin tattarawa ya tsallaka iyaka. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne masu aikin sun fara samuwa. Hukumar Finafinai ta Najeriya tana da makarantar koyon fim a Jos, kuma Jami'ar Jos ta buɗe digiri na biyu kan adana finafinai tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt. Saura a ba su abin da za su yi aiki a kai. Kuma kamar yadda ka ce, ajiya ba nunawa rabin aiki ne. Shaihu Umar da aka gyara, ya kamata a ce an zaga da shi makarantun sakandare na Arewa, ɗaliban da ke karanta littafin su gani. Bikin finafinai na Zuma da hukumar ke yi a Abuja ba zai kai shi Azare ko Gumel ba.

Baba Ɗanladi:
Motar majigi ɗaya ta isa wannan. Mun yi da janareta da farin ƙyalle, balle yanzu.

Abban Sadiya:
To ni ga matsayata. Zan kai finafinaina, tsofaffi da sababbi, bisa sharaɗi uku. A ba ni takarda irin wadda Barista ta faɗa. A juye mini tsofaffin kaset ɗina kyauta a ba ni kwafi mai kyau in ɗora a tashata, in ci moriyar abina. Sannan duk ranar da aka samar da asusun da Hajiya ke magana, wanda ya ajiye fim shi ne zai cancanci nema, wanda bai ajiye ba a hana shi. Amma a ce doka kawai, kawo ko a hana ka izini, ba abin da zan samu, wallahi mutanenmu za su daina bi ta hukumar tacewar ma gaba ɗaya, su ɗora a intanet kai tsaye. Da yawa ma sun riga sun fara.

Hajiya Binta Tudun Wada:
Sharaɗinka na uku ai shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu, Alhaji.

Abban Sadiya:
Na sani Hajiya, amma ke kin fara da haraji, ni kuma na fara da abin da zai shigo aljihuna. Nafi'u, akwai kwali biyu a gidan mahaifiyata, ban buɗe su ba tun da muka tashi daga tsohon ofis. In kawo maka?

Nafi'u Edita:
Kawo Yallabai, amma don Allah kada ka gwada kunna ko ɗaya kafin ka zo, kuma kada ka bar su a bayan mota cikin rana. In ka ga mai fari-fari a jikin zaren, ware shi a leda daban. Ka rubuto mini sunan kowane fim da shekararsa da wanda ya ba da umarni, in ka tuna, don yawancin kaset ɗin da ake kawo mini takardar jikinsu ta goge. Duk wanda kuma ya san inda za a samu na'urar kaset mai lafiya, ko ta gyara ce, ya yi mini magana ta akwatin sirri, tawa kanta ya kusa cinyewa.